Ɗango Uku a Gaban Biyu

Jiya a tashar Sabon Birni na ji wata tsohuwa tana rera waƙar wa'azi da muryar hanci, tun daga nan zama ya gagare ni. Da irin muryar nan goggona ta shigo gidanmu wata damina, ina 'yar yarinya, ta kawo abin da ya hana kowa sakat.

Kakana malami ne mai zafin rai, ni ma wurinsa na gado. Yana da ƙane a garin Isa, sun ɓata a kan limanci tun kafin a haife ni, ko gaisuwar Salla babu. Ga tsufa ya kama su duka, kowa na tsoron ɗayansu ya tafi da gabar.

Kakan yana da waƙa a kan mutuwa, ƙwar biyu, wato kowane baiti layi biyu. Shi ya koya mini cewa layi guda sunansa ɗango, ɗangogi in sun haɗu su ne baiti, harafin da suke faɗawa a kai kuwa amsa-amo. Na sha ranƙwashi kafin su zauna.

To, goggo ta dawo daga Isa ta ce ƙanen ya sa hannu a waƙar. Gida ya ɗauki zafi. Ni har kuka na yi don haushi, a ganina sata ce tsirara. Kakan ya kasa zama, ya fita zaure ya dawo, ya ture furar da anka kawo mai, sannan ya ce a rera ya ji. Goggo ta fara, ga ruwa na zuba daga indararo. Kowane baiti ya koma ƙwar biyar: uku baƙi a gaba, biyu na kaka a baya, ko wasali ba a taɓa ba.

Na ce ai ya danne muna waƙa. Kaka ya daka mini tsawa, sannan ya ce:

"Wanga shi aka kira tahmisi. Mai yinai ba shi gyara ka, share ma hanya shikai. Kin ga kowane baiti, ni ya bar ma maganar ƙarshe." Ya share ido da hannun riga. "Gobe za ni Isa."

Ya tafi cikin taɓo, bisa jaki, yana faɗa da duk wanda ya ce ya jira rani. Kafin a yanke gero ƙanen ya rasu, kakan ne ya yi mai salla.

Yau ni ke koyar da waɗannan kalmomi a Islamiyya, yara na haddacewa don jarrabawa. Hanyar Isa kuwa ta zama sai da addu'a, yayana yana can, rabon da mu yi magana tun rabon gonar gadonmu ta Kurawa. Lambarsa na cikin wayata, raina na tafasa duk sadda na gan ta. Abin da ya fi ci mini rai, na san ni ce ƙarama.