Ƙafar da Aka Yi wa Gaggawa

Jama'a, salamu alaikum. Kun daɗe kuna tambayata a nan abin da ya sami ƙafata ta dama, ni ko ina ce muku tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Yau na sa a rubuta mini gaskiyar, tunda waɗanda nake jin nauyinsu duk sun rasu.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Kaoje. Ɗiya uku, gonar shinkafa a fadama, kuma ni ne ladan. Aka ce ranar biki za a yi tseren ƙauyuka a Bagudo. Wani attajirinmu, Mai-Goro, mai fatauci zuwa Dahome, wato Benin ta yanzu, ya ce ni zan tsaya wa gari. Ya saya mini riga da wandon gudu, ya bi kasuwanni yana cika baki.

Ba ni da lokaci sai bayan Asuba. In kira salla, a idar, in zuba da gudu har rana ta fito, in dawo in ɗauki fartanya. Wallahi ina son abin.

Biki ya matso, sai ƙurji ya fito mini ƙasan gwiwa, zafi kamar garwashi. Ya fashe, farin zare ya leƙo. Kurkunu ne, tsutsar ruwan tafkin da duk garin ke sha.

Matata Ige ta san aikin. A jikin tsinke ake naɗe shi, kaɗan-kaɗan kullum, in ya ƙi fitowa a ƙyale shi sai gobe. Ta ce, "Malam, wanga abu ba a yi mai gaggawa. Sai ya ci wata biyu."

Mai-Goro ya ji. Ya zo da wanzami da ƙarti biyu.

Ya ce, "Wata biyu? Tsutsa ce za ta kunyata ni gaban mutane?"

Na ce, "Maigida, don Allah a yi haƙuri."

Suka danne ni gaban ɗiyana. Wanzami ya ja, ya ƙara ja, zaren ya tsinke a ciki. Sai ya sa ƙarfe a wuta ya huda wurin, wai sakiya. Har yau ina jin ƙaurin namana.

Kafin mako ƙafa ta zama turmi, ga zazzaɓi, ga wari. Mai-Goro ya dawo, na ɗauka dubiya ce. Ya tsaya bakin ƙofa, ya toshe hanci, ya ce, "Ige, miƙo rigar da wandon. Na samu wani mai gudu."

Ko sannu bai ce ba. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ige ta sayar da awakinta da irin shinkafarmu. Yayana ya sa ni kwalekwale, daga nan mota, har asibiti.

Allura safe da yamma. Wankin ciwo mai sa babban mutum ihu. Likita ya duba, tafinta ya faɗa mini, "In zazzaɓin bai sauka ba, za a yanke."

Tsoro ya kama ni. Wa zai noma wa ɗiyana?

Ranar biki ina kwance ina jiyo ganguna. Bayan nan zazzaɓi ya fara sauka, aka bar mini ƙafata. Sai dai gwiwar ta sandare.

Alhamdulillahi, da ita na yi noma, na aurar da ɗiyana duka. Allah ya jiƙan Ige da yayana, ya saka wa likitan nan da ban san sunansa ba.

Shawarata: ku tace ruwan sha, ku tafasa. Ciwo in ya kumbura ya fara wari, asibiti. Kuma kada ku bar wanda ba jikinsa ba ne ya yanka wa ciwonku rana.

Mutane suna cewa na yi asarar gudu. Gudu mene ne? Tun daga shekarar nan ban sake durƙusawa gaban Ubangijina kamar kowa ba. A ƙarshen sahu nake salla, ƙafa a miƙe, don kada in tare wa wani wuri.