Wata Biyu Hajiya Na Gadina a Kwance

Shekarun baya, muna zaune a Kawo, wata safiya na sunkuya ɗaukar buta na kasa miƙewa. Zafi tun daga ƙugu har yatsun ƙafar hagu. Aka ɗauki hoto, likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙashin bayana ne ya zame yake danne jijiya, ƙila sai an yi aiki. Ni da allura ma sai an riƙe ni! A raina na gama yarda cewa wuƙa na taɓa bayan nan na daina tafiya ke nan.

Mahaifiyata ta ɗauro kayanta daga Unguwar Shanu ta tare gidana, ta kafa doka guda: "Kada ka kuskura ka motsa." Salla a kwance, abinci a kan gado. Duk mai dubiya da ya shigo sai ya ƙara mata ƙarfi: "A dai bar shi ya huta, Hajiya." Wata biyu cur. Na yi tumbi, ciwo kuma sai gaba yake yi. Na bi dangi a waya ina neman gafara, har abokina da muka shekara muna gaba.

Ranar da muka koma asibiti da Hajiya a sa ranar aiki, likita ya gwada ƙarfin ƙafafuna, ya tambaya ko fitsari na kuɓuce mini. Na ce a'a. Ya ce ba zai taɓa ni ba sai na yi sati shida a sashen gashin ƙashi.

Can muka tarar da wata ma'aikaciya 'yar siririya. Ta gasa mini bayan, ta ce, "Malam, tashi ka taka."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke 'yar nan, kashe min shi za ki yi? Wata biyu ban bar shi ya sauko gado ba!"

"Wata biyu, Mama? Ai kwanciyar ce ta ƙara sandarar da shi."

Wallahi sai da kaina ya sara. Na dubi Hajiya, bakinta a buɗe. Na yi taku goma ina dafa bango ina zufa.

Kullum gashi, miƙa, tattaki zuwa bakin titi. Sati shida na cika likita ya ce a ajiye maganar aiki. Ba kowa ke tsira haka ba, wani da muke zuwa gashi tare sai da aka yi masa aikin.

Ranar a mota muna komawa gida Hajiya ta kama hannuna ta ce: "Kai ka nemi gafarar kowa, saura ni. Da hannuna na kusa kai ka ga wuƙa. Ka yafe min."

Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi. Ita kuwa, in ta gan ni kishingiɗe da rana, sai ta ɗaga sandarta: "Kai, tashi ka taka!"