Kaskon turaren 'yar fari

A dogon hutun bara wasu matasa suka buɗe wajen koya wa yara zane da ginin yumɓu a wata makaranta can unguwar Kongo, kusa da jami'a. Na sa 'yata ta fari, mai shekara tara. Ni dai burina a rage mini surutu a gida. Kullum da safe keke napep ya ɗauke ta daga cikin birni, da la'asar ya dawo mini da ita hijabi duk fenti, farce cike da laka. Na sha wanki, ita kuma ta sha faɗa.

Ba wanda ya gaya mini cewa ranar rufewa iyaye ma da nasu aikin. Muka je tare da uwar mijina. An jera kayan yara a kan benci, malamarsu ta ce kowace uwa ta tashi ta nuna aikin ɗanta, ta faɗi abin da ya burge ta. Matan ma'aikatan jami'a suka yi ta tashi suna kiran sunayen 'ya'yansu, har da runguma. A gidanmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle a gaban suruka.

Ita tawa yarinyar, kaskon turare ta gina, da 'yan hujoji a murfin. Ya ɗan karkace, amma wallahi a idona ya fi na kowa. Tun kafin a zo kaina ta ɗaga shi sama da hannu biyu, tana kallona.

"Hajiya, me za ki ce?" in ji malamar.

Na nuna shi da haɓa. "To, ɓarnar ƙasa dai. Ba laifi."

Aka yi dariya. Surukata ta gyaɗa kai, ta ji daɗi na nuna tarbiyya. Yarinyar ta sauke kaskon a hankali, ta sa hannuwanta cikin hijabi. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, kuma ba ta suruka ba ce.

Sai da muka shigo ƙofar gari na lura hannunta ba komai. Na sunkuya yadda kakarta ba za ta ji ba, na ce, "Ke, ina kaskon? Ai ina so in sa a ɗakina."

Ba ta juyo ba. "Na bar wa Malama, Umma. Ita ta ce ya yi kyau."