Mai Gadin Daren Ɓeraye

"Kashe wayar nan tukuna, ƙanena! Haskenta zai ɓata mini aikin mako uku."

Buhun abincin ɓeraye na kawo ɗakin bincike, sai ga wata gajeriyar mata mai farar riga ta tare ƙofa. Rana tsaka ce, amma ciki duhu ne, daren da ta ƙirƙira musu.

"Yaya, ɓera ma ya san lokaci?"

"Sosai! Haske na taɓa idonsa, ƙwayoyin halittar ido za su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ta gyara agogon jiki."

Ina jin ko a gidanta ba mai kunna fitila sai da izininta.

Ta kasa kunne. Ɓerayen na ta guje-gujensu.

"Har yanzu dare suke zato. Mun tsira!"

Ta nufi ɗaki na gaba tana rawar kafaɗa don murna.