Kaucin Ɗorawar Kakata

Shekaranjiya da hantsi ina sharar ƙofar gida sai na ga wasu 'yan furanni zube a gindin darbejiyar da ke ba mu inuwa, sirara masu jan kai, kamar an watsar da kwalin ashana. Tun kafin in ɗaga kai na san abin da ke sama. Kauci ne. Na jingine tsintsiya na zauna, domin rabona da riƙe furen nan a tafin hannu tun ina yarinya a ƙauyenmu, kusa da Mungadi, lokacin da mulkin Turawa bai tsufa ba.

Akwai wata ɗorawa a bakin gonar gidanmu. Gonar ta maza ce, amma itacen na kakata ne, mahaifiyar babana, ita ma daga uwarta ta gada. Da shi take rayuwa. In bazara ta yi takan sa ƙugiya ta kaɗo 'ya'yan, mu sha garin, ta dafa kalwa ta yi daddawa, ɓawon kuma a yi makuba a shafe ɗakuna. Daddawarta har kasuwar Jega take kai ta a ka. Tun ina da wayo take ce mini, in ta kwanta dama, itacen nawa ne. Takan faɗa a gaban kowa, don kada wani ya ce bai ji ba.

Ita ta koya mini kauci. Wata rana ta nuna mini wani ɗan tsuntsu yana goga baki a jikin reshe, ya goga nan ya goga can, kamar mai wasa wuƙa. Da ya tashi ta janyo reshen, sai ga ƙwaya manne da wani abu mai yauƙi kamar danƙo.

"Ƙawata, duba nan," ta ce. "Ya sha ɗan kauci, ƙwayar ta liƙe mai, ya aje muna ita. Wanga shi na mahwarin ciwo."

Kauci ba ya da saiwa a ƙasa, bai taɓa sanin ƙasa ba. Ƙwayar nan ce ke tsira a kan reshe, ta huda ɓawo, ta kutsa cikin naman itacen. Inda ta shiga wurin yakan kumbura ya yi ƙulli kamar gwiwar tsoho. Daga ƙullin ganye ke fita, mai kauri, kore shar, sa'an nan furen, wanda sai tsuntsun da muke kira sha-kauci ya sa baki yake buɗewa. Ruwan da itacen ya jawo don 'ya'yansa a nan ake tare shi. Abin da ke gaba da ƙullin, har zuwa kan reshe, sai ya rame, ya daina haihuwa, ya bushe.

Kakata ta san inda yake zama kamar yadda ta san gidajen dangi. A hanyar Jega takan riƙa nuna mini: ga shi a kaɗanya, ga shi a gawo, ga shi a ɗorawar wane da bai kula ba. Ta ce ya fi yawa inda itatuwa suka jeru kusa da juna, ko bakin gulbi inda tsuntsaye ke sauka shan ruwa. Ta wajen Aliero, inda fili ya buɗe, sai ka yi tafiya ba ka gan shi ba. Giginya da goriba kuwa, ta ce, tunda take ba ta taɓa ganin sun ba shi masauki ba. Masu magani suna sayensa, kowane da sunan itacen da ya hau, amma ita ba ta yarda a bar shi a nata don su ba.

Maganinsa ɗaya ne, kuma kowace shekara ake yi. Da an gama kaɗe ɗorawa, baffana, ƙanen babana, zai hau da ɗan gatari. Ita tana ƙasa, hannu a goshi, tana ba da umarni. Ba a tsinke kauci, reshen ake sarewa, kamu ɗaya ƙasa da ƙulli, don jijiyarsa tana tafiya a ɓoye cikin itacen.

"Ƙara sauka! Kai, hannunka na jinjiri na? Kamu guda nic ce!"

"Inna, in na ƙara sauka ai sai in sare wanda nike zaune bisa."

"Sare, ƙasa ba ta da nisa."

Haka suke yi kowace shekara, mu kuwa muna tsince furen muna tsotsar zaƙin gindinsa.

Sai aka yi shelar dokar daji. An ce ɗorawa da kaɗanya da gawo sun shiga tsaron hukuma, kada ƙarfe ya taɓa ɗanyensu. Da farko mutane sun ɗauka magana ce irin wadda ke wucewa. Amma a ranin nan aka kama wani makiyayi ya sassabe rassan gawo don shanunsa, aka kwantar da shi ƙofar mai gari aka yi masa bulala, aka karɓe gatarinsa. Baffana yana cikin waɗanda aka tara su kalla. Da lokacin sara ya zo, kakata ta ɗauko gatari ta ajiye a gabansa. Bai taɓa ba.

"Inna, na ga bayan mutumen nan. Ba ni hawa."

"Itacena na. Uwata ta bar min shi tun ba a san Nasara ba."

"Su ba su san uwarki ba, Inna."

Ta tafi wurin mai gari, ya ce ta jira malamin daji, shi ke da ikon ba da izini. Ta jira har rani ya zagayo. Malamin ya iso a kan doki daidai lokacin da ɗorawa ke kaɗe ganyenta, duk itatuwan gefen sun yi tsirara, nata kaɗai ke tsaye da dunƙule-dunƙulen kore. Ina riƙe da gefen zanenta lokacin da ta yi masa bayani, tiryan-tiryan, tun daga bakin tsuntsu har zuwa ƙulli. Ya saurare ta, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Iya, na san kauci," ya ce. "Amma Bature ya bi ta nan, ya tsaya ya yaba itacen ga, ya ce shi ya fi kowane ganye. In ya dawo ya ga sabon sara, ni za a tambaya."

"Ganyen baƙo ya yaba," ta ce. "Mai gida shina ciki shina mutuwa."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ta yi haƙuri, ya ja linzami.

Daga nan ta koma yi da ƙugiya, tunda ƙugiya itace ce, doka ba ta hana ba. Tsohuwa ce, wuyanta na ciwo, amma takan wuni tana fizgo kaucin ganye-ganye. Ta fi kowa sanin aikin banza take yi. Ruwan farko na sauka kowane ƙulli yakan fito da sabbin tsiro biyu ko uku a inda ta cire ɗaya. Tsuntsaye kuma suka gane wurin, suka yi ta shuka na gaba a rassan da suke lafiya. Shekara ta farko ta kaɗi abin da ya isa kasuwa. Ta biyu ya ishi miyar gida kawai. Ta uku muka cika ƙwarya ɗaya, ta zauna ta dube ta, ta ce a ba yara su sha garin. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa itacen nawa ne ba, ko a gaban mutane ko mu biyu.

A damina ta biyar ɗorawar ba ta yi toho ba. Kaucin ya ƙara 'yan makonni yana kore a kan gawa, sa'an nan shi ma ya yi baƙi ya zube. Busasshen itace ba ya cikin doka, saboda haka baffana ya sare shi daga gindi, da gatarin nan dai, rana tsaka, babu wanda ya tambaye shi. An yi wata biyu ana girki da shi a gidanmu. Kakata ta ƙi cin tuwon da aka dafa da shi, takan tsinto kara ta hura nata murhun daban. Ba ta kai kaka ta gaba ba. Abin da na gada shi ne ƙugiyar.

Bara na bi hanyar Maiyama zuwa Jega a mota, ina leƙen itatuwan da take nuna mini. Ɗorawa ta zama ɗai-ɗai, buhunan gawayi kuwa jere a bakin titi. Yanzu ba mai tsoron sara, sai dai daga gindi ake farawa. Kaucin ya koma kan darbejiya da lemo a cikin gari, inda aka bar masa rassa.

Jiya na sa aka kira mini mai sarar itace. Ya zagaya darbejiyar, ya bugi gindinta da ƙotar gatari.

"Hajiya, a kwantar da ita duka? Za ta yi buhu shida."

Na nuna masa ƙullin, na ce reshen nan kaɗai, kamu ɗaya daga ƙasa. Ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya tambaye ni mene ne kamu. Na kama hannun na auna masa, daga gwiwa zuwa kan yatsa.