Gonar Doyar Yaya a Adogi

Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ni ba zan ja da shi ba, amma na rantse da wanda raina yake hannunsa, abin da zan faɗa muku da idona na gani, da rana tsaka, ba a mafarki ba. A shekarun tamanin ne, tun Lafia tana ƙarƙashin Filato, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, Babanmu kuma ya daɗe da rasuwa, gidan daga ni sai Iya sai yayana Idrisu.

Yaya malamin gona ne a wajen Shabu. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma dariyarsa takan riga shi shiga gida. Kullum da yamma idan muka ji ƙarar babur ɗinsa sai in fita da gudu, don na san akwai lemo ko mangwaro cikin malfarsa, ya miƙo mini yana cewa, "Malama Gajimare, yau me sama ta ce miki?" Wai don ina yawan zama ina kallon girgije.

Shi ne ɗan farin Iya, kuma kun san al'adar iyayenmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa, ko "mai babur". Shi kuwa ya mai da abin wasa, sai ya tsugunna kusa da murhu ya ce, "Iya, wai ni ya sunana ne? Na manta." Ta ɗaga ludayi ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, ja'iri," ya fita yana ƙyaƙyata dariya, ita kuma ta juya baya don kada mu ga murmushinta.

Cikin damina babbar mota ta buge shi a hanyar Shabu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ko aure bai yi ba, Allah sarki.

Iya ba ta yi kuka ba, don wai ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. Mata suna ta yabon haƙurinta, ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san tuwon da nake kai mata haka nake ɗauke shi, kullum tana ƙara ramewa, har na fara tsoron kafin shekara ta zagayo zan rasa ta ita ma.

Da kaka ta yi, ta ce mu je Adogi mu duba doyar da ya shuka kafin a nemi masu haƙa. Tun rasuwarsa ba wanda ya taka gonar, saboda haka a cikin motar a-kori-kura na yi ta shirya zuciyata in ga daji. Muka isa wajen azahar. Wallahi gonar fes, ko ƙwayar ciyawa babu tsakanin tulin doyar, kowane tuli a gyare.

Mama Ladi, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Eggon da gidanta yake shi kaɗai a bakin gonar, ta taho tana murna, ta tari Iya da Hausarta mai gargada. "Sannu Mama, sannu! Yaron ka yana da ƙoƙari fa, kullum yana zuwa noma. Amma yanzu ya yi girman kai, in na gaishe shi hannu kawai yana ɗaga."

Na ce, "Mama Ladi, Yaya ya rasu tun damina."

Ta dube ni, ta yi dariya, sai dariyar ta ɗauke. A hankali ta ɗaga hannu ta nuna ƙarshen gonar, ta ce, "To wancan fa?"

Akwai rafi a ƙasan gonar, a tsallakensa kuma Yaya yana da ɗan fili inda yake shuka iri. Can na hango mutum a duƙe, ya ba mu baya, da shuɗiyar rigar aiki da malfa. Fartanya tana tashi tana sauka, ƙasa tana watsuwa, amma babu ƙara ko kaɗan. Tsuntsaye ma sun yi tsit. Innalillahi! Ko cikin mutum dubu na san wannan ƙeyar.

Kafin in juya, Iya ta yar da mayafi ta nufi rafin, ba gudu take ba, tafiya take irin ta wanda aka aika. Ta shiga ruwa. Mama Ladi ta fasa ihu, "Kama shi! Kama Mama, ruwan nan yana da rami!" Na bi ta na riƙe zanenta, zanen ya fara kwancewa, na rungume ƙugunta, matar da ta rame kamar sillen kara amma ranar jana take yi, ƙafata tana zamewa cikin laka, ruwa ya kawo mana ciki, ya kawo ƙirji, kuma daga ni har ita ba mai iya iyo. Ina kuka ina cewa, "Iya, don Allah! In kin tafi wa kika bar mini?" Ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai ta tsaya cak. Na ji ƙirjinta ya cika da numfashi a hannuna, ta buɗe baki da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Idrisu!"

Fartanyar ta tsaya a sama. Ya miƙe a hankali, ya fara juyowa. Ba zan yi muku ƙarya ba, runtse ido na yi, ban iya ba. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina sai na ji jikin Iya ya saki, ta faɗo kaina tana wani irin kuka mai fitowa daga ciki, kukan da ta riƙe tun damina. Da na buɗe ido babu kowa a tsallake, sai ganyen doya da ya fara bushewa. Mama Ladi ce ta miƙo mana gora ta jawo mu.

A hanyar komawa, jiƙe sharkaf, Iya ta sa aka tsaya ta sayi dafaffiyar gyaɗa, ta cinye tas. Na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, me kika gani?"

Tana kallon hanya ta ce, "Ya amsa."

Ni ban ji komai ba. Mama Ladi ta ce ita ta ji, kuma daga ranar ba ta sake ganin kowa a gonar ba. Iya ta warware, ta yi shekaru masu yawa a duniya, ba ta kuma ƙara tada zancen ba. Har yau ban san ko zuwa ya yi ya tafi da ita, ko jira kawai yake a kira shi ba, kuma har yau in na tuna abin da zai faru da a ce na saki ƙugun nan, tsigar jikina tashi take.

Ku yi wa Yaya addu'a. Wanda kuke so kuma, ku kira shi tun yana wannan gefen ruwan. In kuwa kun hango naku a tsallake, ku riƙe wanda yake kusa da ku da hannu biyu, kada ku saki.