Gonar Tsohon Malamin Asibiti

Shekarar da na bar koyarwa na haura arba'in, kuma ban iya wata sana'a ba in ban da riƙe alli da rubutu. Maigidana ya daɗe yana fama da ciwon ƙafa wanda ya raba shi da gona, sai dai ya wuni a zaure yana gyara wa mutane rediyo da tocila. A Ikara muke zaune, a gidan da ruwa ke shiga ta kusurwa biyu duk damina. Na gwada ƙuli-ƙuli, na gwada ɗinkin hula, babu wanda ya riƙe mu.

Yayana ne ya kawo maganar filaye. Dillalin hatsi ne a kasuwar Makarfi, saboda haka yana jin abin da manyan 'yan kasuwa ke nema. Ya ce mini alhazai da dama suna son gonakin bakin titi don su gina sito, amma masu gonakin yawanci ba sa gari. Wasu magada ne da suka koma Kaduna ko Kano, wasu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya suka tafi garuruwansu. Dillalai maza suna zaune a inuwa suna jiran mai sayarwa ya kawo kansa, ba mai bin wanda ya yi nisa. Dabarar da ya koya mini ita ce in nemo mai gona, mu daidaita a kan farashi mai sauƙi, in ba shi kafin alƙalami, ya sa hannu a takarda cewa ya sallama mini zuwa wani wa'adi. Kafin wa'adin ya cika shi Yaya zai kawo mai saye da farashi mafi tsada, abin da ya hau kai mu raba.

Ni mace ce, ba zan je in zauna cikin dillalai ba, kuma ba ni da kuɗin motar bin mutane gari-gari. Amma na iya wasiƙa. Shekara da shekaru ina koya wa yara yadda ake rubuta ta.

Na fara tara adireshi a wuraren suna da biki. In an yi maganar wani kango ko wata gona da ta yi shekaru ba a ga mai ita ba, sai in tambaya ina 'ya'yan gidan suke, wane ofis suke aiki, wa ke zuwa wurinsu. Mata sun san waɗannan abubuwa fiye da yadda maza ke zato. Na zauna na tsara wasiƙa guda, na kai shagon kwamfuta aka buga mini da yawa. Ta fara da gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce idan suna da niyyar rabuwa da gonarsu ko gidansu, ni mai saye ce, ba sai sun sha wahalar zuwa ba. A ƙasa na sa lambar wayata.

Maigidana ya karanta sau biyu, ya tsaya a kan kalmar nan ta mai saye. Ya ce shi a saninsa mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, gara in fito fili in ce ni dillaliya ce, in karɓi la'adata. Na ce masa ai da zarar na ba da kafin alƙalami gona ta zama tawa. Sai ya koma kan rediyon da ke hannunsa.

Wasu wasiƙun na manna musu kan sarki na kai gidan waya, mafi yawa kuwa direbobin tasha na ba wa. Wata biyu ba wanda ya tanka. Ɗaya ta dawo mini ba a ko buɗe ta ba, ambulan ɗin duk ya yi baƙin mai. Wanda ya fara bugo mini waya wani mutum ne daga Kano, ya tambaye ni wa ya gaya mini yunwa suke ji har za su sayar da gonar ubansu, ya kashe kafin in ba shi haƙuri. Bayan shi wata dattijuwa ta taso tun daga Kudan ta same ni a gida. Ta ce takardata ta tayar da rigimar gado da suka yi shekaru suna dannewa, yanzu ƙannenta biyu ba sa gaisawa. Na kawo mata ruwa, ba ta sha ba.

Na kusa haƙura sai ga amsa ta zo a rubuce, da hannu, a takardar da aka yago daga littafin makaranta. Wani tsoho ne mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya yi aikin malamin asibiti a Paki shekaru masu yawa. A lokacin ya sayi gona a bakin hanya, da ya yi ritaya ya koma garinsu ya bar ta. Matar wani fasto a nan Ikara ce ta ba ni adireshinsa, ta hannun cocinsu.

Hausarsa tsaf, irin ta mutanen da. Ya ce tun da ya bar Paki ba wanda ya taɓa rubuto masa daga can, da ya ga takardata ya ɗauka wani ne ya tuna da shi. Maganar gona layi biyu kawai ya ba ta. Sauran duk tambayoyi ne: ko mai unguwar da ya sani yana raye, ko wanzamin da ke kusa da asibiti yana nan, ko rijiyar bayan asibitin har yanzu tana ruwa da rani. Ya roƙe ni in riƙa rubuto masa maimakon waya, don kunnensa ya yi nauyi.

Na hau mota na je Paki na tattaro masa labari. Mai unguwar ya rasu, ɗansa ne a kai. Wanzamin yana nan amma ya makance. Rijiyar an rufe ta, an yi famfo. Na rubuta masa duk wannan da hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin rubutun. Na daɗe ban sami wanda ke jiran abin da zan rubuta ba. A wannan zuwan ne na ga gonar. Tana da faɗi, ga ta a bakin kwalta, an fara gine-gine daga gefenta.

A wasiƙarsa ta uku ya ce ya yanke shawarar sayarwa, ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuma ba mai komawa can. Sai ya tambaye ni kai tsaye nawa ƙasa take yi a wurin yanzu. Ya ce shi rabonsa da sanin farashi tun hanyar tana ta ƙasa, kuma ya yarda da ni.

Kwana biyu takardar tana ƙarƙashin matashina. Yaya ya riga ya gaya mini abin da zan taya, kuma na san bai kai rabin abin da za a saya ba. A ƙarshe na rubuta masa labarin damina da na wani biki da aka yi a Paki, sannan na ce ga abin da zan iya bayarwa. Tambayarsa kuwa na tsallake ta. Na riƙa gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, tunda ban ce masa farashin ke nan ba.

Ya sa hannu ya dawo da takardar, har da godiya. Na sayar da tumakina biyu na aika masa kafin alƙalami. Ba a yi sati biyu ba Yaya ya kawo wani Alhaji mai fataucin masara daga Kudan, ya zagaya gonar sau ɗaya ya ce ya saya.

Saura a yi takardar ƙarshe a gaban mai unguwa da shaidu. Na so tsohon ya wakilta wani, har na rubuta masa cewa tafiyar da nisa, kada ya wahalar da kansa. Ya ce a'a, yana so ya ga Paki sau ɗaya kafin ya mutu.

Ya zo bayan girbi, tare da 'yarsa, wata nas mai kamar shekaruna. Ɗan ƙaramin tsoho ne, da kwat da ta yi masa yawa da sanda. Da ya sauko daga mota ya tambaya ina Malama, na durƙusa na gaishe shi, ya ce ashe haka nake, ya zaci na fi haka tsufa saboda kyan rubutuna. Kafin mu isa ƙofar mai unguwa labari ya bazu. Tsofaffi maza da mata suka yi ta fitowa, wannan ya nuna masa tabon da ya ɗinke masa, waccan ta tura a kira ɗanta wanda ya yi wa allura yana jariri. Aka kai shi wurin wanzamin nan makaho, suka riƙe hannun juna sun daɗe ba su saki ba. Ina tsaye a baya, ina jin kamar in juya in tafi gida.

Daga nan aka fita zagayen iyaka. Yaya ya shirya takardu biyu, ɗaya tsakanina da tsohon, ɗaya tsakanina da Alhajin, kuma ya yi niyyar kowa ya sa hannu a tasa daban. Abin da bai yi ba shi ne jan kunnen Alhajin kada ya ambaci farashi a gaban tsohon. Mutum ne mai raha, ba shi da wani mugun nufi. Muna tsaye a gindin wata ɗorawa ya dubi tsohon yana dariya, ya ce Baba ya tsauwala masa, amma gonar ta ci kuɗinta, ya faɗi abin da zai biya.

'Yar ta juyo ta dube ni. Tsohon bai ji ba, ya tambaye ta me aka ce. Dole ta sunkuya a kunnensa ta maimaita da ƙarfi, har sau biyu, kowa a wurin yana ji. Sannan ta faɗi abin da ni na taya, shi ma da ƙarfi. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa.

'Yar ta ce a fasa cinikin, za ta mayar mini da abin da na bayar a ranar. Yaya ya fara bayanin cewa haka sana'ar take, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi ya riga ya sa hannu da hankalinsa, kuma bai taɓa sa hannu ya janye ba, ba zai fara a Paki ba. Aka kawo takarda ya ɗora a kan gwiwarsa ya sa hannu. Da ya miƙa biron sai ya kira ni.

"Malama, na tambaye ki a takarda. Kin tuna?"

"Na tuna, Baba."

"To, shi ke nan."

An dafa masa abinci a gidan mai unguwa, ya ci kaɗan don kada a ji ba daɗi, suka kama hanya kafin la'asar.

Da kason da na samu muka sauya kwanon ɗaki, na kai maigidana asibiti a Zariya aka duba ƙafar. Na ba shi labarin abin da ya faru tun ranar da na dawo. Bai ce ai ya gaya mini ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Bayan sati uku na rubuta wa tsohon na nemi gafararsa, na ce zan aika masa da abin da ya rage a hannuna. 'Yar ce ta bugo mini. Ta ce Baba ya ce kada in aiko da komai, ya yafe, amma ita tana roƙona kada in sake rubuto masa, don duk takardar da ta zo sai ya wuni bai ci abinci ba. Na ce na ji.

Da damina ta zagayo matar faston ta tare ni a hanyar kasuwa ta gaya mini ya rasu. A tsaye ta faɗa, ba ta tsaya doguwar gaisuwar da muka saba ba. Na so in je ta'aziyya, na rasa da wace fuska zan shiga gidan. A Paki kuma maganar ta riga ta zaga. In na shiga gidan suna ana karɓata da mutunci, amma da na tambayi inda 'ya'yan wane suke sai a ce ba a sani ba.

Ban bar sana'ar ba, don yaranmu suna makaranta kuma ba ni da wata. Na dai sake wasiƙar. Yanzu tana cewa ni dillaliya ce, la'ada nake karɓa, kuma su sa wani nasu ya binciki farashi kafin mu yi magana. Yaya ya ce na kashe kasuwar da hannuna, ya daina kawo mini masu saye sai jefi-jefi. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Da yawa in sun ji farashi sai su nemi alhazan da kansu, ni ko sannu ba na samu.

Makon jiya na je Furana duba wata gona da mai ita ya amsa mini daga Kaduna bayan wata huɗu. Ruwa ya tare ni a hanya, na fake a wata rumfar mai shayi har ya tsagaita. Da na isa na tarar da masara ta kai ƙugu a cikinta. Manomin da na samu a ciki ya ce ƙannen mutumin sun sayar masa tun bara, ya shiga gida ya ɗauko takarda ya nuna mini. Na karanta, na ga komai daidai, na ba shi haƙuri. Na tsaya a bakin hanya da jiƙaƙƙen mayafi ina jiran abin hawa, ina tunanin yadda zan gaya wa na Kaduna cewa 'yan'uwansa sun riga shi.